Gadon Tambari: Dukiya Ne Ko Bashi?

Akwai wata kalma a Hausa wadda ta daɗe tana ba mu sha'awa, ita ce kalmar tambari. A bakin kakanninmu, tambari shi ne gangar nan ta sarauta wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki, ba kuma kowane sarki ba, sai wanda ya isa. A bakin 'ya'yanmu kuwa, tambari shi ne ɗan zanen da ake bugawa a saman takarda, ko a jikin mota, ko a ƙofar gida, don a san mai abu. Ma'anonin nan biyu aikinsu ɗaya ne, kowanne shela yake yi cewa ga wane ɗan wane jikan wane.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani neman aure da muka halarta bara, a wani gari da ke bakin fadama tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Yaron malamin makaranta ne, mai natsuwa, kowa na yaba halinsa, yarinyar kuma tana son sa. Da aka zauna a zaure aka gaisa, sai baffan yarinyar ya gyara zama, ya dubi dattijon da ya jagorance mu ya ce, "Malam, ba mu ga aibin yaronku ba, Allah Ya sani. Amma ka san gidan nan gidan tambari ne, su kuwa mutanen ruwa ne." Nan magana ta mutu. Muka tashi muka karkaɗe riguna, ko goron da muka kai ba a taɓa ba. A hanyar komawa ne ɗaya daga cikinmu ya tuna mana cewa rabon gidan nan da sarauta tun zamanin kakan kakan mai maganar, kuma gonar fadamar da ta rage musu an sayar da ita shekara uku da suka wuce. Shi kansa tambarin da ake faɗi, babu wani mai rai da ya taɓa ganin sa.

Tun daga ranar tambayoyi uku suke damun mu. Shin mene ne mutum yake gada idan ya gaji suna? Girman da kaka ya samu da guminsa, yana sauka a kan jika kamar yadda gona da shanu suke sauka? In kuwa yana sauka, to laifin kakan fa da gabarsa, su wa zai ɗauka?

Yadda Turawan Ingila suka yi da nasu

Kafin mu dubi gida, bari mu leƙa Ingila, domin mutanenta sun tsara wannan al'amari a rubuce, sun kuma kai shi iyakarsa. Tun ƙarni na 12 mayaƙansu suka fara zana alamu a jikin garkuwa, wani zaki, wani mikiya, wani tauraro, kowa da launinsa. Sannu a hankali alamar ta tashi daga ta mutum ɗaya ta zama abin da ɗa yake gada wurin uba. A shekarar 1484 Sarki Richard na Uku ya ba sankirorin fadarsa takardar izini su zama hukuma guda mai kula da tambura, kuma hukumar tana nan a Landan har yau. Daga 1530 zuwa 1688 sankirorin nan suna zagaya lardunan ƙasar, suna kiran masu gidaje su kawo hujjar tambarinsu da jerin kakanninsu. Wanda ya kasa, sai a yi shelarsa a bainar jama'a cewa ba shi da wannan matsayi. Hatta 'ya'yan gida ɗaya an bambanta su, ɗa na biyu yana ƙara jinjirin wata a kan tambarin uba, na uku yana ƙara tauraro.

Tambarin nan da ƙasa yake tafiya. A al'adarsu babban ɗa namiji shi ke kwashe gida da gonaki gaba ɗaya, ƙannensa su nemi abin yi a soja, ko coci, ko aikin lauya, ko a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Ta haka ƙasar gida ɗaya takan zauna a dunƙule shekaru ɗaruruwa, sai dai da kukan ƙanne aka sayi wannan dunƙulewa.

Wani labari nasu ya isa misali. A 1385, a wani yaƙi da aka fita zuwa ƙasar Sikotland, wasu manya biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar garkuwarsu iri ɗaya ce, shuɗiya da ratsin ruwan zinariya a karkace. Aka tafi shari'a, aka kira shaidu ɗaruruwa, har da mawaƙin nan Chaucer, ba a gama ba sai 1390, inda aka bar wa Scrope zanen. Grosvenor ya haƙura ya ɗauki hoton damin alkama. To, zuriyar wanda ya sha kayen nan su ne daga baya suka mallaki manyan unguwannin Mayfair da Belgravia a Landan, suka shiga sahun gidajen da suka fi kowa arziki a Ingila. Rasa zanen bai rage su da kome ba. Haka kuma mahaifin Shakespeare, wanda sana'arsa ɗinkin safar hannu ce, sai a 1596 aka ba shi tambari, a lokacin da ɗansa ya riga ya yi suna a Landan. Yau ba wanda ya san wannan gida don tambarinsa, don alƙalamin ɗan aka san shi.

Daga baya zamani ya juya musu. Harajin gado da aka ƙaƙaba a 1894, da faɗuwar kuɗin amfanin gona, da yaƙe-yaƙen duniya biyu, suka karya gidaje masu yawa. Wasu aka rushe, wasu aka mayar wurin yawon buɗe ido, jikoki suka koma sayar wa baƙi tikitin kallon ɗakin kakansu. A 1925 doka ta soke fifikon babban ɗa a gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, a 1999 kuma aka fitar da mafi yawan masu kujerar gado daga Majalisar Dattawansu. Ƙasa ta tafi, iko ya tafi, zanen garkuwa ya saura a jikin zobe da cokali.

Namu tamburan

Mu ba mu yi zane a garkuwa ba, amma ba mu rasa abin da ya tsaya a madadinsa ba. Muna da tambari da kakaki da algaita, muna da take da kirari, muna da rawani mai kunne biyu wanda ba kowa ke naɗa shi ba. Masu jihadi sun zo da tuta, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake ba wanda ya wakilta, Turawa kuma sun zo da sandar girma. Talaka ma yana da nasa tambarin, a fuskarsa wanzami ya rubuta shi. A da, in ka ga Bakabe da zubensa, ko Bagobiri, ko Bazamfare, ba sai ka tambaye shi garinsu ba. Abin da Bature ya adana a littafin sankira, mu a ƙwaƙwalwar maroƙi da makaɗin fada muka adana shi, shi ya sa ake cewa tuna baya shi ne roƙo.

Inda muka sha bamban da su shi ne wajen rabon dukiya. Shari'ar Musulunci ba ta yarda ɗa guda ya kwashe ba. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun yanka wa kowa rabonsa, ɗa da 'ya, mata da miji, uwa da uba, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Wannan adalci ne da Baturen wancan zamani bai yi wa 'ya'yansa ba. Sai dai duk wanda ya san fadamar Gulbin Kabi ya san abin da ke faruwa da gonar shinkafa bayan an raba ta sau uku, takan koma 'yan kunyoyi da ba su ciyar da gida, ƙarshenta a sayar wa mai kuɗi. Abu ɗaya ne alƙali ba ya iya rabawa, shi ne suna. Jika ɗari kowannensu yakan ɗauke shi ɗungurungum. Shi ya sa duk lokacin da gona ta ƙara ƙanƙancewa, sai riƙon suna ya ƙara tsananta, domin shi kaɗai ya rage a hannu. Bature ya bi hanyar dunƙulewa, mu mun bi ta rabawa, amma mun haɗu a tasha ɗaya, wato inda alama take saura bayan abin da take nunawa ya gushe.

Wa Kanta ya gada?

Duk wani tinƙaho na asali a ƙasar Kabi, in an bi salsalarsa, a kan Muhammadu Kanta yake tsayawa. To, shi Kanta wa ya gada? Masu ba da tarihi na baka sun ce ya yi kiwon shanu a ƙuruciyarsa, kuma da ƙarfin damtsensa a fagen dambe da kokawa ya fara tara mabiya. Ya yi yaƙi tare da rundunar Askiya Muhammadu na Songhai, suka saɓa a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, ya ɓalle wajen 1516, ya kafa daularsa, ya gina Surame da ganuwarta ta dutse, ya kuma tsaya wa rundunar Barno. Ba a miƙa masa tambari ba, shi ya sa aka sassaƙa. Da a ce ranar da yake bin shanu ya je neman aure a gidan tambari, wa ya san amsar da za a ba shi?

A lura kuma da wani abu. Labarin Bayajida ya jefa Kabi cikin Banza Bakwai, wato jerin asali bai ba ta kujera a sahun gaba ba. Amma a ƙarni na 16 ƙasashe nawa ne cikin Hausa Bakwai suka iya ɗaga ido su dubi Kanta? Wannan ya nuna mana cewa jerin asali labari ne da mutane suke tsarawa, aiki kuwa shi ke tsara kansa. Surame ɗin ma yau kufai ce, tun wajen farkon ƙarni na 18 aka bar ta aka koma Birnin Kabi.

A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi da yaƙi. Daga nan tarihi ya yi mana wani darasi da muke wucewa ta gabansa kullum ba mu lura ba: yau Sarkin Kabi a Argungu yake zaune, Birnin Kabi kuwa Sarkin Gwandu ne a cikinta. Suna ya bi wata hanya, gari ya bi wata. In da girma a jikin ƙasa yake, da ya ƙare ranar da birni ya faɗi. In da a jikin suna kaɗai yake, da ba a sha wahalar da aka sha ba kafin a sake tayar da shi.

Shi Malam Abdullahi ma yana da abin da zai gaya mana. Yayansa Shehu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar mulki ta hanyar gado da ƙarfi ba tare da shawara ba a cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su. Malam Abdullahi kuwa, da ya ga son duniya da son muƙami sun fara shiga jama'ar jihadi, sai ya bar su wajen 1807 da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello, abin bai yi wa Malam Abdullahi daɗi ba, har suka yi 'yan shekaru ba sa ga maciji. Amma da Bello ya kawo masa gudunmawa a yaƙin Kalambaina, an ruwaito cewa Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, baffan ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Duk da haka, gidan Sakkwato da na Gwandu duka sun koma na gado, domin ɗan Adam ba ya rabuwa da son ya ga ɗansa a inda ya zauna. Abin tambaya ga mai alfahari da wannan jini shi ne, me ya ɗauko a cikin kayan Malam Abdullahi? Rawanin kaɗai, ko har da littattafan, da gudun duniyar, da iya haɗiye fushi don jama'a ta zauna lafiya?

Gadon gaba

Yanzu sai tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi. Bayan faɗuwar birni, Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sarkin Kabi Karari ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1831, kuma an ruwaito cewa da ya ga an rutsa da shi, sai ya sauka daga doki ya zauna a kan garkuwarsa ya jira ajali. Wannan garkuwa ba ta da zanen zaki ko mikiya, abin da aka yi a kanta shi ne tambarinta. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru masu yawa a tsare a Sakkwato, da ya samu komawa gida sai ya ɗaga tutar tawaye a 1849, ya tsayar da Argungu. Me Nabame ya gada? Ba gona, ba fada, ba taska. Nauyi ya gada, ya kuma biya shi da ransa a fagen fama. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake nufi da ya ce gadon gida alala ga raggo.

Sai dai tare da wannan nauyi an gaji gaba. In aka ɗebe 'yan shekarun Lafiyar Toga, wadda aka ƙulla a 1867 zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, mafi yawan ƙarnin nan a yaƙi ya ƙare tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato. An ƙone garuruwa, an kama bayi ta kowane ɓangare, kuma babu gidan da zai ce hannun kakanninsa bai taɓa jini ba. To, wanda ya ce jaruntakar kakansa tasa ce, da wane baki zai ce bayin da kakan ya kama ba ruwansa? Ba a cin gado a bar bashi. Ko a shari'a sai an biya bashin mamaci kafin magada su taɓa ko sisi.

Amma biyan bashin nan ba ramuwa ba ce, gyara ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya masa babban su a Matan Fada. Jikokin waɗanda suka yi kusan shekara ɗari suna farautar juna suka zauna a inuwa ɗaya suna kallon masunta. Ba su musanta abin da ya faru ba, ba su kuma bar shi ya mallake su ba. A ganinmu wannan ita ce amsa: ba mu gaji zunubin kakanni ba, domin addini ya koya mana cewa babu mai ɗaukar laifin wani, amma mun gaji abin da zunubin ya haifar, kuma gyaransa a wuyanmu yake. Yau Argungu da Gwandu da Yawuri da Zuru suna cikin jiha ɗaya, saboda haka wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce.

Kada kuma mai karatu ya manta da su wa aka yi wannan sulhu. Da mutanen ruwa aka yi shi, waɗanda baffan nan ya raina. Su ma suna da gadonsu, suna da Sarkin Ruwansu, suna da sanin gulbi da suke miƙa wa 'ya'yansu, kuma saboda su ne hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sunan Argungu da ya kai ƙasashen da ba su taɓa jin labarin Surame ba, a kan gora da homa ya tafi.

To, a watsar da asali ke nan?

Wani zai ce, in haka ne sai a fasa tambura, a sallami maroƙa, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ba mu tare da wannan ra'ayi. Mun ga yaran da kalmar "ɗan gidan wane ne kai" ta hana su sata, ta hana su ƙarya, ta tashe su daga inda bai kamata a gan su ba. Kunyar suna linzami ce, al'ummar da ta rasa ta kuwa sai ta nemi ɗan sanda a kowace ƙofa. Gaskiya ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, domin yaron da ya tashi yana ganin ana sulhu a zauren ubansa ya fi saurin iya sulhu. Amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma ɗan Annabi Nuhu bai tsira da sunan mahaifinsa ba. Asali yana ba mutum mafari mai kyau, ba ya ba shi ƙarshe.

Saboda haka ma'aunin da muke gani mai sauƙi ne. Duk lokacin da tuna asali ya sa mutum ya ƙara wa kansa nauyi, ya ce irinmu ba ma cin amana, irinmu ba ma barin maƙwabci da yunwa, to ya yi amfani da tambari yadda ya dace. Duk lokacin da ya sa ya rage wa wani daraja, ya ce irinku ba sa aure a gidanmu, to ya mai da amana dukiya, ya ci abin da ba nasa ba. Zube ma yana ɓacewa daga fuskokin yara, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, kuma nan gaba kaɗan ba za a san Bakabe da fuska ba, sai da hali.

Wanda duk ya samu dama ya shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda kuma ake binne sarakunan Kabi. Zai ga masu da takubba da tambura a jere, kusa da su kuma ga kayan masunta, rufi ɗaya ya rufe su. Tamburan nan shiru suke, domin tambari ba ya kaɗa kansa, sai an samu wanda ya cancanta a kaɗa masa.

Yarinyar nan dai mun ji an ba da ita ga wani ɗan uwanta, malamin kuma ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Zauren da muka zauna a cikinsa damina ta ci kusurwarsa guda, har yanzu ba a tayar ba. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar nauyin sunayen da muka gada, Ya kuma tsare mu daga raina bayinSa, amin.